Tsohon Siton Kakanmu: A Rushe Ko A Bari?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ta yi wa ƙaranci, da kuma masu cewa sun fi son karatu a kan saurare.

Yau ba mu da baƙo. Maganar ta cikin gidanmu ce, kuma sai da na nemi izinin manya kafin in kawo ta nan. Suka ce in faɗa, amma ban da sunayen mutane, ban da sunan gari. To haka za a yi.

A wani ƙauye kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu ta nufi Gwaram, akwai wani tsohon gini a bakin titi. In ka wuce a mota ba abin da zai ja idonka. Ginin ƙasa ne, dogo, ba taga sai 'yan kafofi can sama kusa da rufi. Na auna shi da ƙafata, taku goma sha shida a tsawo, takwas a faɗi. A ciki akwai ginshiƙai takwas na itacen ƙirya, sahu biyu, su suka ɗauki rufin azara. Akwai bango a tsakiya da ya raba shi gida biyu. Ƙyaurensa katako ne mai kauri da ƙusoshin maƙera, yaro ɗaya ba ya iya tura shi. Mu dai mun taso muna ce masa sito. Kakanmu, mahaifin babanmu, shi ya gina shi tun zamanin Turawa, kafin 'yancin kai na 1960.

Tun da ya rasu ba a raba gadonsa ba. Ana nan ana cewa sai an zauna, har babanmu ma ya bi shi, Allah ya jiƙansu. Bayan Babbar Sallah da ta wuce aka kira taron gida. Wani ɗan kasuwa ya taya filin bakin titin gaba ɗaya, yana so ya jera shaguna. Sharaɗinsa ɗaya: a share masa wurin, wato a rushe sito.

Baffanmu, wanda shi ne babba yanzu, ya yi bayani. Kuma ina so ku ji bayanin nasa da kyau, don ba mutumin banza ba ne, ba kuma mai kwaɗayi ba ne. Ya ce: "Ginin nan shekara nawa ba a zuba ko tiya ɗaya a ciki ba? Jemagu ne da ɓeraye, bara an kashe kububuwa a bakin ƙofa. Bangon gabas ya tsage tun ambaliyar 2022. Yara suna wasa a gindinsa. In ya faɗa wa ɗan wani, wa zai amsa? Ina da 'ya'ya mata biyu da za a aurar, ga na makaranta, ga taki ya fi ƙarfin talaka. Marayu ma suna da haƙƙi a ciki. Mu riƙe ƙasa da itace, mu bar masu rai?"

Wallahi ni ne na fara cewa gaskiya ne. Ni da na yi jami'a, na zauna a ɗaki mai silin da tayil, a raina ginin ƙasa alamar talauci ce kawai. Ku faɗi gaskiya, da yawanmu haka muke. In za mu ɗauki hoto a gida sai mun nemi bangon siminti mu tsaya. In aboki daga birni ya kawo ziyara, sai mu riƙa ba da haƙuri a kan gidan iyayenmu kamar mun yi laifi.

An kusa shafa fatiha sai kakarmu ta aiko daga cikin gida. Ita kaɗai ta rage a matan marigayi, ta haura tamanin, ido ya yi rauni amma kai garau. Ta ce ba ta hana kowa haƙƙinsa ba, abu ɗaya take roƙo, a kai ta ta shiga siton kafin a sa masa diga. Ta ce da ni, da yake akwai wasan jika da kaka a tsakaninmu: "Kai maigida, tunda ba ka iya noma ba, ai ka iya riƙe fitila. Zo ka raka ni."

Washegari da hantsi muka buɗe. Abin da ya fara ba ni mamaki sanyi ne. A waje rana tana dukan mutum, a ciki kamar an shiga gindin tsamiya. Ta ce in haska mata bangon tsakiya. Na kunna fitilar waya. Sai ga zane-zane, layi-layi, an karce su da ƙusa a jikin yaɓe, daga daidai ƙirjin mutum har ƙasa. Na sha shiga wurin nan muna yara muna ɓuya, ban taɓa lura ba.

Ta ce: "Wannan ɓangaren na gyaɗa ne. Kowane layi buhu ne. Kakanku bai yi boko ba, allo ya yi, amma ba a taɓa cin sa da lissafi ba."

Bari in ɗan tsaya nan in ba ku tarihin da ya haifi ginin, don sai da na koma na karanta na gane abin da take nufi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka kafa sikeli, 'yan kasuwarmu irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka zama manyan masu saye suna tura yaransu ƙauyuka. Dalar gyaɗar nan da muke gani a tsofaffin hotuna, ai ba a Kano aka noma ta duka ba. Daga garuruwa irin namu aka tara ta, buhu-buhu. Layin dogo da ya tafi Nguru ta arewacin Jigawa ya bi, ta su Ringim da Malam Madori. Mu nan kudu ba mu samu jirgi ba, don haka sai an tara kaya a wuri ɗaya a jira jakuna, daga baya a jira lori, a kai Kano, tafiyar sama da kilomita ɗari. Lokacin kuma duk ƙasar Kano muke, Jigawa sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Wannan jiran shi ya sa ake gina irin siton nan a bakin hanya. Kalmar sito ɗin ma daga bakin Turawa muka are ta.

Kuma kada wani ya ɗauka zamanin daɗi ne zalla. Haraji da kuɗi ake biyan sa, kuɗi kuwa sai ka noma abin da Bature yake saye. Mutane da yawa sun rage gonar dawa sun ƙara ta gyaɗa ba don suna so ba. Kakarmu ta ce ta ga magidanci ya kawo gyaɗarsa, an auna, an cire bashin da ya ci da damina, ya tashi da abin da bai kai kuɗin haraji ba, ya zauna a bakin ƙofar nan ya rasa ta inda zai koma gida. Ta ce: "Kakanku ma ba waliyyi ba ne, ɗan kasuwa ne. Ya ci riba." Na ji daɗi da ta faɗi haka. Tarihin da aka wanke shi tas, aka cire masa ɗaci, ya zama tatsuniya.

Sai ta ja ni ɗaya ɓangaren. Nan ma akwai layuka, amma ƙanana, kuma da yawansu an ja musu wani layin a karkace an soke su. Ta ce nan ɗakin hatsi ne. Ta ce marigayi a hannun mutanen da suka ga yunwar Kakalaba ta 1914 ya tashi, waɗanda suka ga an ci abin da ba a ci. Shi ya sa da zai yi gini ya sa aka raba shi biyu, ya kafa doka: gyaɗa ta kasuwa ce, amma dawa da geron da suka shiga ɗakin nan ba a sayar da su sai an ga sabon hatsi ya nuna a gona.

Da farin 1973 ya zo, ruwa ya ɗauke, rumbunan mutane suka ƙare tun kafin bazara, sai ya buɗe ɗakin. Kowane ƙaramin layi tiya ce da aka ba wani gida rance. Waɗanda aka soke, na tambaye ta, su ne aka biya? Ta yi dariya ta ce: "Wasu an biya. Wasu kuma ya gaji da ganin masu su suna sauya hanya in sun hango shi, ya soke ya ce ya yafe." Bayan farin da shekara biyu, a 1975, cutar nan da manoma ke ce wa kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a Arewa. Daga nan cinikin gyaɗa bai sake komawa yadda yake ba, dalar Kano ta ɓace, siton ma ya fara zama kango a hankali.

Muna cikin haka ashe Baffa yana tsaye a bakin ƙofa. Ta ji motsinsa ta ce: "Ai ga mai riƙe tiyar nan. Lokacin bai fi shekara goma ba, shi yake aunawa, ubansa yana zana." Baffa ya yi shiru. Can ya ce: "Na tuna, Inna. Amma tunawa ba ta biyan kuɗin makaranta." Ya juya ya tafi.

Wannan maganar tasa ita ta hana ni barci. Domin gaskiya ya faɗa. In har zan ce a bar ginin, dole in zo da abin da ya fi "ai tarihi ne" nauyi. Sai na roƙi a ba ni sati biyu.

Abu na farko, na je na nemo wani tsohon magini a wajen Gwaram, irin waɗanda suka gaji sana'ar. Samun sa ma aiki ne, don 'ya'yansa duk bulo suke yi yanzu. Na ɗauko shi a babur. Da ya shiga bai yi magana ba, sai ya karɓi gizago ya riƙa ƙwanƙwasa azara da ƙeyarsa, ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. Wadda ta yi ƙara tsaf ya wuce, wadda ta amsa kamar ganga ya sa mata alama da gawayi. Da ya gama na ce: "Baba, yaya?" Ya ce: "Yaro, ginin nan bai mutu ba, yunwa yake ji. Shekara nawa ba a ba shi yaɓe ba?"

Ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ban samu a jami'a ba. Azara daga giginya ake fasa ta, kuma magina sun fi son namijin giginya, wanda ba ya 'ya'ya, don itacensa ya fi tauri. Ƙarfin yana jikin ɓangaren waje, cikin kuwa taushi ne da shi, ana sassaƙe shi a zubar. Azara mai kyau gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa take daɗewa haka. Amma tana da iyaka: in aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba a so tazarar da za ta tsallake ta wuce kamar mita biyu ba tare da abin da ya tokare ta ba. Ya ce in ƙirga ginshiƙan in auna tsakaninsu. Na auna, kusan daidai suke duka. Wato mutumin da bai taɓa riƙe takardar zanen gini ba ya san lissafin nauyi. Inda ake son ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi, kamar soron sarakuna, sai a yi bakan gizo, a riƙa ɗaure azara tana hawa kan 'yar'uwarta har su haɗu a sama.

Ya nuna mini inda ciwon yake. Indararon gabas ya karye, ruwan rufi yana bin bango maimakon ya zuba can nesa. Ga kuma ƙasar titi da aka ɗaga, ruwa yana kwanciya a gindin ginin. Ya ce ginin ƙasa abu biyu yake so, hula da takalmi, wato rufin da ba ya yoyo da gindin da ba ya jiƙa. A cikin azarar duka, goma sha ɗaya ce kawai ya sa wa alama. Ginshiƙan ƙirya ko ɗaya bai taɓu ba.

Na ce to mu shafe shi da siminti mana ya huta. Ya kalle ni kamar na yi saɓo. Ya ce siminti da ƙasa ba sa aure. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuma yana kulle danshin a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, wata rana fatar simintin ta ɓalle ta zubo da rabin bango. Abin da ya sani shi ne yaɓe da ƙasa mai kyau da aka cuɗa da ciyawa ta kwana tana tsima, sannan a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta kore ruwa. Ya ce da can a birni har laso ake yi, da katsin marina da gashin majema da dafara, amma masu haɗa shi sun yi ƙaranci.

Sai ya faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai. Ya ce: "Azara goma sha ɗaya zan nemo maka, da wahala, a tsofaffin gidajen da ake rushewa. Amma in ka rushe wannan ka ce in sake gina maka irinsa, ko nawa za ka ba ni ba zan iya ba. Ina giginyar?" Ku duba da kanku. Giginya tana daɗewa ƙwarai kafin ta isa sara, an sare manya, ƙananan kuma muna tone su muna cin muruci. Ana cewa giginya na nesa ka sha inuwarki. Wanda ya bar giginyar da aka yi rufin nan da ita ta girma bai san kakanmu ba, balle mu.

To a nan ne na fara fahimtar abin da ake nufi da darajar gini. Akwai darajar kayan da ke jikinsa, waɗanda kuɗi ba ya sayo su yanzu. Akwai ta ilimin da aka gina shi da shi, wanda in tsoffin magina suka ƙare ba inda za a gan shi sai a jikin irin waɗannan gine-gine. Akwai kuma ta shaida. Littafin makaranta zai ce maka an yi fari a 1973. Bangon nan kuwa yana nuna maka tiya nawa aka ba maƙwabta.

Mu mutanen Birnin Kudu ai bai kamata a koya mana wannan ba. Muna da Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka zana shanu a jikin dutse, har da irin shanu marasa tozo da ba a kiwon su a nan yanzu. A tsakiyar shekarun 1950 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya zo nan ya yi rubutu a kan duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa. Wuraren nan suna cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta amince da su, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Amma tambaya: mu nawa muka taɓa zuwa? Ni kaina sai da na gama digiri na taka ƙafata can. In abin da duniya ta san da shi haka muke yi masa, ina ga siton wani tsoho a ƙauye?

Na duba yadda wasu suke yi. A Amurka, Turawan da suka je suka kafa gonaki sun gina manyan rumbuna na katako, na dabbobi da ciyawa da hatsi. Maƙwabta ne suke taruwa su ɗaga ginin, kamar dai gayyarmu. Da noma ya koma na manyan injuna sai rumbunan suka zama ba su da amfani, aka yi ta rushe su. A 1987 wata ƙungiyar adana gine-ginen tarihi ta ƙasar ta fito da shiri na musamman don nuna wa manoma yadda za su gyara tsohon rumbu ya ci gaba da aiki a gona. A tsarinsu, gini in ya kai shekara hamsin ana iya duba shi a ga ko ya cancanci shiga rajistar wuraren tarihi. Namu ya wuce sittin. Su ma fa tarihin nasu akwai ɗaci, don ƙasar da aka yi gonakin ta 'yan asalin wurin ce da aka kora. Duk da haka ba su ce a share shaida ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. A Nijar, a yankin Tawa, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya gina masallacin Yama da ƙasa da itace, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A garin Dandaji kuma, da tsohon masallacinsu ya lalace, maimakon a rushe sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa. Wata 'yar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Kamara, tana cikin waɗanda suka yi aikin. A Djenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ne yake fitowa a yaɓe babban masallaci, yara da manya, kamar ranar sallah. Abin da na lura da shi a duka: ginin da ake amfani da shi ake kuma taɓa shi duk shekara shi ne yake rayuwa.

Kuma tsoron Baffa ba wasa ba ne. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani ɓangare na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun shekarun 1830, ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Don haka duk mai cewa a bar tsohon gini, to ya san ya ɗauki amana. Ka ce kada a rushe, sannan ka koma birni ka bar shi yana tsagewa a kan 'ya'yan mutane, wannan son kai ne da rigar kishin tarihi.

Da sati biyu suka cika na koma wurin Baffa. Na durƙusa na ce: "Baffa, ba na zo in hana kowa gadonsa ba ne. A sayar da kashi biyu cikin uku na bakin titin. Inda sito yake a sa shi a rabon gidanmu." Ya ce mai saye zai rage kuɗi, tunda ba duka zai samu ba, wa zai cike giɓin? Na ce a cire daga rabonmu na gonar fadama.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Rabon ba nawa ba ne ni kaɗai. Ƙanena ya ce mini a fuska: "Yaya, kai kana da takarda, gobe za ka iya samun aiki. Ni fadamar nan ce takardata." Ban da amsar da zan ba shi, don ya fi ni gaskiya. A ƙarshe, da aka zauna da malamin da ya yi rabon, aka fitar wa kowa haƙƙinsa cif, ni da yayata muka ɗauki giɓin a namu kason, nasa da na mahaifiyarmu ba a taɓa ba. Na fita da fadama 'yar kaɗan da tsohon gini mai tsagaggen bango. Abokaina wasu sun ce boko ya taɓa ni.

Baffa kuma ya kafa sharaɗi a gaban shaidu: damina biyu. In damina biyu suka wuce ginin bai gyaru ba, ko ba a amfani da shi, za a rushe, kuma ba zan ce uffan ba. Na yarda. Kafin nan ya sa na kewaye bangon gabas da ƙaya don yara.

Ga inda muke yanzu. An toshe tsagar, an sa sabon indararo, an yi magudana a gindin bango. An samo azara bakwai cikin goma sha ɗaya. Bangon tsakiya mai layukan nan na ce kada a taɓa shi, na ɗauke shi hoto kashi-kashi, na kuma naɗi muryar kakarmu tana bayani, kusan awa biyu. Mu matasa tara muka haɗa kai za mu ajiye wake da riɗi a ciki da kaka, waken a buhun PICS mai ninki uku da ba ya buƙatar magani, mu jira farashi ya tashi maimakon mu kai kasuwar Sara lokacin da kowa yake kaiwa. Kowane buhu zai biya ɗan kuɗin ajiya, da shi za a riƙa yaɓe duk shekara. Ko zai yi, ko ba zai yi ba, Allah ne masani. Azara huɗu har yanzu muna nema.

Saura ku. Na san a garuruwanku akwai irin wannan: tsohon zaure, rufewar kaka, siton auduga, tsohuwar rijiya, ajin firamare na farko. Ba na ce duk a bari ba, wani ya riga ya mutu, wani kuma masu shi suna cikin buƙatar da ta fi ƙarfin tarihi, kuma haƙƙinsu ne. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kafin a sa diga, ku shiga da fitila ku duba. Ku ɗauki hoto ciki da waje, ku auna. Ku zaunar da wanda ya fi kowa tsufa a gidan ku kunna rikoda, wayar da kuke TikTok da ita ta isa. Ku kira magini na gargajiya ya duba kafin a yanke hukunci, don wani ginin da ake ce wa ya gama yawo indararo kawai yake nema. In dole sai an rushe, kada a ƙona azara a murhu, a ajiye ta, wani yana nema. Ni ma ina nema.

Sannan ranar Asabar ta farko bayan an gama girbi za mu yi gayyar yaɓe. Tsohon maginin nan ya yarda zai zo ya nuna wa duk mai son koyo yadda ake cuɗa ƙasa da yadda ake shafa makuba. Wanda yake kusa, daga Birnin Kudu ko Gwaram, ya turo saƙo a ba shi kwatance. A zo da kayan da ba a jin tausayinsu. Kakarmu ta ce ita za ta sa a dama kunu, amma wai ban da ni, tunda har yanzu ban iya noma ba.

Baffa ma da na gaya masa ranar, bai ce zai zo ba. Ya dai tambaye ni ko tiyar nan tana nan a ciki. Na ce ban gan ta ba. Ya ce in duba saman ginshiƙi na uku ta hannun dama, nan ubansu yake ajiye ta. Na je na duba. Tana nan.

Mu haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku rubuto mana tsofaffin gine-ginen garuruwanku, da hoto in da hali.